Maganarka Ajiya Ce: Haƙƙinka a Ɗakin Shawara

Ko kasuwar Jibiya kake ci, ko Illela, ko Maigatari, ko kuwa daga Maraɗi, Konni ko Damagaram kake tsallakowa, ba sai an koya maka hukuncin ajiya ba. In ka sauke buhu ashirin na wake a rumfar wani ka ce masa sai kasuwa mai zuwa, waken bai zama nasa ba. Ba shi da ikon kwance bakin buhu ya nuna wa masu wucewa, kuma ko ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya ya zo, ba zai auna masa tiya guda ba sai da yawunka. Wanda ya saɓa wannan ya ci amana, kasuwa duka kuwa za ta san da shi.

Abin da mutum yake faɗa a ɗakin shawara na asibiti, wato likita a bakin mutanen Nijar, hukuncinsa ɗaya da wannan waken. Ɗakin shawara shi ne inda ake zama da ma'aikacin da aka horar, ka faɗa masa abin da ke cin ranka, ya saurara, ku nemi mafita tare. Masu zuwa iri-iri ne. Akwai ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, barci ya ƙaurace masa. Akwai direban da aka tare a hanya, har yau in ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki rawa. Akwai matashin da tiramol ko kodin ya kama yana neman kuɓuta, da mai son gwajin ƙanjamau, wato Sida, da matar da aka ci zarafinta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, da iyalan da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka sami mafaka a jihar Maraɗi tun 2019. Kowanne daga cikinsu yana shiga ne da abin da ya fi buhun wake tsada.

Da yawa kuma ba sa shiga. Ba rashin buƙata ke hana su ba, tsoron tonon asiri ne, kuma tsoron yana da dalili. A kasuwa suna shi ne rabin jari. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa Alhaji wane ya taɓu, ranar ce mai ba shi kaya bashi zai fara neman uzuri, uwar adashe ta mai da kwasarsa ƙarshe, masu neman 'yarsa su ja da baya. Ko sunan wuri kaɗai ya isa. A Sakkwato in an ce mutum ya je Kware, ba a tambayar me ya kai shi, domin can asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake. A Kano kuwa Dawanau tana da fuska biyu, ga babbar kasuwar hatsi ga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma mai son ɓata ka ya san wadda zai ambata. Saboda haka ba za mu ce maka ka daina tsoro kawai ba. Za mu nuna maka abin da doka ta ba ka, da inda ta tsaya, da ƙofofin da asiri ya fi fita ta cikinsu.

Abin da doka ta tanada

A Najeriya, sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk wani bayani game da lafiyar mutum, da maganin da ake yi masa, har ma da zamansa a asibiti, sirri ne. Lura da wannan na ƙarshen. Ba ciwonka kaɗai aka hana faɗa ba, ko cewa an gan ka a wurin ma ba na ma'aikaci ba ne ya yaɗa. A shekarar nan ta 2014 aka kuma yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau, wadda ta kare sirrin sakamakon gwaji. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. A watan Yuni na 2023 kuma aka sami dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanin lafiya cikin rukunin da ya fi buƙatar tsaro, ta kafa hukumar NDPC domin sa ido.

A Nijar ma haka abin yake. Kundin hukunta laifuffuka ya ɗauki tona asirin majinyaci a matsayin laifi ga likita da ungozoma da mai sayar da magani. An yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a watan Disamba na 2022, hukumar HAPDP da ke Yamai ita ke kula da ita.

Ba a buƙatar ka haddace waɗannan shekaru. Abin riƙewa shi ne, a kowane ɓangare na iyaka kake, rufa maka asiri ba alfarma ce ake yi maka ba. Ma'aikacin da ya rufa asirinka aikinsa ya yi. Kana da ikon a gaya maka me ake rubutawa a kanka da dalilin rubuta shi, a nuna maka in ka nema, a gyara in an yi kuskure. Kana da ikon ka ƙi amsa tambayar da ba ka shirya mata ba, ka nemi a canja maka ma'aikaci, mace ta nemi mace, ka kuma daina zuwa in ka ga dama. Abu ɗaya da ba lallai a yi maka ba shi ne yaga fayil ɗinka baki ɗaya, domin doka ta ɗora wa asibiti adana tarihin jinya.

Inda sirri ya tsaya

Duk wanda ya ce maka babu abin da zai taɓa fita daga ɗakin nan ko da me ya faru, ya faɗi abin da ba shi da ikon cikawa. Sirri yana da iyaka, kuma ma'aikaci na gari yakan faɗa maka iyakar tun zaman farko, kafin ka buɗe baki.

Sashen nan na 26 ya lissafa su. Ana iya fitar da bayaninka in kai ka yarda a rubuce, ko in kotu ta ba da umarni ko wata doka ta tilasta, ko in majinyacin yaro ne iyayensa suka nema, ko in ba ya cikin hayyacinsa waliyyinsa ya nema, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Wannan na ƙarshen shi ya sa ake kai rahoton cututtuka masu yaɗuwa irin su kwalara da sanƙarau da ƙyanda da shan inna ga hukumar lafiya. Bayan wannan, ƙa'idar aikin ba da shawara ta ce in mutum ya nuna da gaske zai kashe kansa ko zai illata wani, ko ana cutar da ƙaramin yaro, ma'aikaci ba zai yi shiru ba. Ko a nan ma ba shela zai yi ba. Zai faɗa wa wanda zai iya hana ɓarnar, gwargwadon abin da ake buƙata, kuma in hali ya yi sai ya sanar da kai tukuna.

Akwai kuma wani yawo da bayani yake yi a cikin gida, wanda ba laifi ba ne amma ya kamata ka sani. Mai ba ka shawara yana iya tuntuɓar likita ko na gaba da shi a kan lamarinka. Mai adana fayil yana ganin sunanka. Ƙungiyoyi irin tamu suna aika rahoto ga gwamnati da masu ba da tallafi, amma alƙaluma ake aikawa, mutum nawa aka gani a wata, maza nawa mata nawa, ba sunaye ba. Tambaya guda ta isa ta warware maka duk wannan: ban da kai, wa zai ga abin da ka rubuta? Ka yi ta ba kunya. In amsar ba ta fito sarai ba, ka jinkirta abin da ya fi nauyi zuwa wani zama. Magana zarar bunu ce.

Ku kuma iyali

A nan ne abin ya fi wuya, domin a wurinmu ciwon mutum ɗaya na gida ne duka. Wa ya biya kuɗin mota? Yaya. Wa ya yi jinya? Inna. To da wane ido za a dubi yayan nan a ce masa ba za a gaya masa ba? Mun san zafin wannan, kuma ba raina ɗawainiyarku ake yi ba. Sai dai biyan kuɗin magani ba ya mai da sirrin baligi mai hankali ya zama na mai biya. Miji ba ya cikin waɗanda sashen nan ya lissafa, matuƙar matarsa baliga ce tana cikin hayyacinta. Suruka ba ta ciki. Ubangidan da ya kawo yaron shagonsa ma ba ya ciki, ko da shi ya ɗauki nauyin komai.

Ku dubi abin ta wannan fuska. Matar da take zuwa shawara saboda baƙin ciki bayan haihuwa, in ta san duk abin da ta faɗa zai riga ta isa gida, me za ta ce? Za ta ce lafiya lau, sai ɗan ciwon kai. A ba ta farasitamol ta koma da ciwonta. Kuɗin motar ya tafi a banza, kuɗin katin ma haka. Ƙofar da aka rufe tsakaninku da ita na rabin sa'a, ita ce take sa ɗawainiyarku ta yi amfani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma ba a tsakiyar kasuwa ake wankan ba.

Wannan ba ya nufin an kore ku. Kuna iya gaya wa ma'aikaci duk abin da kuka gani a gida, ba ya barci, ya daina cin abinci, yana magana shi kaɗai. Zai saurara, kuma bayanin yana da amfani ƙwarai. Kuna iya tambayar yadda za ku taimaka. Sau da yawa ma majinyacin da kansa yake cewa a shigo da wane, to shi ke nan, ƙofa ta buɗe da izininsa. Kai kuma majinyaci, ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, ka faɗi sunansa a rubuta, ka fayyace me za a gaya masa, lokacin shan magani kawai ko har da sunan ciwon. Kana iya janye wannan izini duk ranar da ka so.

Maganar ƙanjamau tana da nata nauyi, tunda akwai abokin zama da cutar za ta iya shafa, wani lokaci gida mai mata biyu ko uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa cewa gwaji sai da yarda, sakamako kuma sirri ne, sanar da abokin zama kuwa da amincewar mai shi ake yi. Ma'aikaci zai matsa maka da nasiha a kan ka faɗa, kuma yana da gaskiya, domin ran wani ne a ciki, ga magani yana nan kyauta. Amma akwai hanyoyi. Kana iya faɗa da kanka, ko ku zo tare a faɗa a gabansa, ko shi ya gayyaci abokin zaman gwaji ba tare da ambaton sunanka ba. Ke 'yar'uwa, in kina tsoron duka ko saki in maganar ta fito, ki faɗi wannan tsoron tun farko, domin yana canja yadda za a bi da lamarin. Haka gwajin kafin aure, wanda jihar Kano ta mai da shi doka a 2024: ku tambaya tun kafin a ɗebi jini wa za a miƙa wa takardar sakamako, kada ku bari sai ta faɗa hannun ɗan rakiya.

Ƙofofin da ba a lura da su

A ganinmu asiri bai cika fita ta bakin likita ba. Ya fi fita ta ƙananan ƙofofi da ba wanda ya tsare.

Ta farko ita ce waya, ko salula. Ɗan kasuwar kan iyaka yakan riƙe layi biyu, na Najeriya da na Nijar, wayar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Yaron shago yana amsa kira da ita, uwargida tana ara, yara suna kallo a ciki, da rana tana wurin mai caji tare da wasu hamsin, in ta lalace ta kwana wurin mai gyara. Saƙon tunatarwa guda ɗaya mai ɗauke da sunan sashen asibiti ya isa. Saboda haka in an nemi lambarka, kada ka bayar kawai ka tashi. Ka faɗi layin da za a kira, da lokacin, da abin da za a ce in wani ya ɗauka. Kana iya cewa kada a turo rubutaccen saƙo sam. In ka daina amfani da layi ka sanar da asibiti, domin kamfanonin waya sukan sake sayar da lambar da ta daɗe a rufe, sai saƙonka ya koma hannun baƙo. WhatsApp yana kulle saƙo a kan hanyarsa, amma ba ya kulle shi daga wanda wayarka take hannunsa. Ka sa mata lambar sirri, ka goge saƙon murya bayan ka saurara.

Ta biyu takarda ce: kati, ko karne, da takardar magani, wato ordonansi. Kowa ya taɓa sayen ƙosai ko tsire ya ga irin takardun da ake naɗewa da su, har da na ofis da na makaranta. Kada taka ta shiga cikinsu. Kada ka ajiye ta a akwatin ciniki tare da rasit. Wadda ta gama aiki ka ƙona ta. In kuma za ka aiki yaro kemis ko farmasi, ka tuna mai shagon yana gane ciwo daga sunan magani, kuma ya san ɗan gidan wa ya kawo takardar.

Ta uku tafinta. Takardun Najeriya da Ingilishi ake rubuta su, na Nijar da Faransanci, masu zuwa kuma akwai Bahaushe da Bafulatani da Buzu da Babarbare da Bazabarme. In ma'aikaci ba ya jin harshenka, sau tari sai a leƙa layi a kira duk wanda ke ji. Wanda aka kira ɗin yana iya zama maƙwabcin rumfarka. Kana da ikon ka ce a'a, a nemo tafintan asibiti wanda shi ma amanar ta hau kansa, ko ka dawo wata rana. Kada kuma a sa ɗanka ƙarami ya fassara abin da bai kamata kunnensa ya ji ba. Haka nan kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ita da harshen da kake ji ba. Ka tambaya: wannan ta yardar magani ce, ko ta bincike, ko ta hoto? Uku ne daban-daban, yarda da ɗaya ba yarda da sauran ba ce.

Hoton nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin mu ƙungiyoyi ne muka fi yawan nema. Hoton da aka ɗauka a ƙauye yau, gobe yana Facebook, jibi ɗan garinku da ke Legas ko Agadas ya gani. In baƙi sun zo da kyamara, ko aka nemi naɗar muryarka, ko aka ce ɗalibai za su zauna su saurara, ƙin yarda haƙƙinka ne, kuma ba zai rage maka ko ƙwayar magani ɗaya ba. Duk wanda ya nuna maka cewa taimako yana rataye da hoto, ka kai ƙararsa.

Sai zaman rukuni, inda mutum takwas ko goma masu matsala iri ɗaya suke haɗuwa. Yana da amfani sosai, mutum yakan ga ba shi kaɗai ba ne. Amma dokar aiki ma'aikaci ta ɗaure, sauran mahalarta alkawari kawai suka ɗauka. Ka auna abin da za ka faɗa a can da wannan mudun, ka bar sauran sai kun keɓe.

Ba za mu ɓoye maka ba, ƙananan asibitoci da yawa ba a gina su da tunanin sirri ba. Labule ne tsakaninka da masu jira, taga a buɗe saboda zafi, ranar kasuwa kuwa, kamar Alhamis a Maigatari, rabin layin sanannunka ne. Ka nemi a rufe ƙofa, ko a koma wani ɗaki, ko a ba ka wata rana da ba cunkoso. Ka roƙi a kira ka da lamba maimakon suna. Ba rashin kunya ba ne.

In jinya ta tsallaka iyaka

Wanda ya fara jinya a Maraɗi ya ci gaba a Katsina, ko ya fara a Sakkwato ya koma Konni, yana buƙatar bayaninsa ya bi shi, in ba haka ba a sake farawa daga tushe ko a haɗa masa magungunan da ba sa jituwa. Dokokin ƙasashen biyu sun sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, saboda haka ba a tura fayil ɗinka haka kawai don wani ya buga waya ya nema. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba ka taƙaitacciyar wasiƙa a rufe, ka kai da hannunka. Ka sa a karanta maka ita kafin a liƙe. Sabon likita yana buƙatar sunan ciwo da magani da adadinsa. Ba lallai ne ya ga duk abin da ka faɗa game da gidanka ba, kuma kana iya cewa a cire.

In kana tafe da magani, musamman na ƙwaƙwalwa ko na barci, ka bar shi a kwalinsa, ka riƙe takardar likita a kusa saboda kwastan ko duwan. Wannan takardar ita ke nuna likita ne ya rubuta maka. Wasiƙar da ke ɗauke da tarihinka kuwa ka ajiye ta daban, a cikin kaya.

In an riga an tona

Kada ka fara da rigima a bakin asibiti, domin taron da za a yi zai ƙara yaɗa abin da kake son rufewa. Ka riƙe rana da wuri, da abin da aka faɗa, da wanda ya ji. In saƙo ne a waya kada ka goge shi. Ka nemi ganin shugaban asibitin ko na ƙungiyar a keɓe. Dokar lafiya ta Najeriya ta ba kowa ikon kai kuka a kan yadda aka bi da shi a asibiti, a kuma bincika. In ba a share maka hawaye ba, akwai majalisar kula da aikin likitoci ta MDCN da ta ma'aikatan jinya da ungozoma, akwai NDPC a Abuja. A Nijar akwai shugaban likitocin gunduma, akwai HAPDP, akwai kotu. Dokar 2023 ta Najeriya ta kuma wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane, in an sace su ko sun ɓace ta yadda za a iya cutar da masu su, ya sanar da hukuma cikin sa'a 72, in haɗarin babba ne ya sanar da masu bayanan su ma.

Wanda bai iya rubutu ba yana iya kai kukansa da baki, ya nemi a rubuta a karanta masa, a ba shi kwafi mai kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ya kuma faɗa tun a nan cewa yana son a ci gaba da jinyarsa a hannun wani ma'aikacin kafin a gama bincike, domin kada maganin ya yanke.